Walter Carrington: jakada ne ko ɗan adawa?

Kwanan baya, a wani shirin rediyo da masu sauraro ke bugo waya, ana tattauna yadda jakadun ƙasashen waje ke zarya gidajen 'yan siyasa da zarar zaɓe ya ƙarato. Wani mai kira ya ce ai wannan tsohon hali ne, tun zamanin Walter Carrington Amurka ke turo mana ɗan adawa ta sa masa rigar jakada. Babu wanda ya tanka masa. Aka wuce maganar kamar alƙali ya riga ya yanke hukunci.

Abin ya tsaya mini a rai, domin an yi wa mutumin shari'a ba tare da an duba ƙa'idar aikin da ake tuhumarsa da karyawa ba.

Ga matsayina tun daga farko. Carrington, wanda ya wakilci Amurka a Najeriya daga 1993 zuwa 1997, bai yi shiga sharo ba shanu ba. Ganawa da 'yan adawa, da yin magana a kan kisa da ɗaurin da babu shari'ar kirki a bayansu, duk suna cikin aikin jakada. Amma ya gaza a wurare biyu da masu sukarsa ba su cika ambata ba. Ya bari an ɗauke shi mutumin ɓangare ɗaya na ƙasa. Sannan ya riƙa ɗaga murya alhali waɗanda suka aiko shi ba su shirya mara masa baya da abin da ya fi murya ba.

Wane ne shi

An haifi Walter Carrington a birnin New York ranar 24 ga Yulin 1930. Baƙar fata ne, ya kuma girma a lokacin da wariyar launin fata ke cin karenta ba babbaka a Amurka. Ya gama digirin farko a Jami'ar Harvard a 1952, ya gama karatun lauya a can a 1955. Yana ɗan shekara 27 aka naɗa shi kwamishina a hukumar yaƙi da wariya ta jihar Massachusetts. Wannan ya kamata a riƙe, domin mutumin da ya fara aiki da sauraron ƙarar waɗanda aka zalunta saboda launin fatarsu ba zai iya kallon zalunci ya kawar da kai cikin sauƙi ba.

Ya fara taka ƙasar Najeriya a 1959, kafin samun 'yancin kai. Daga 1961 zuwa 1971 ya yi aiki da hukumar 'yan sa-kai ta Peace Corps a Saliyo da Tunisiya da Senegal, har ya zama mai kula da ayyukanta na nahiyar Afirka gaba ɗaya. Shugaba Jimmy Carter ya tura shi jakada Senegal a 1980. Yana can Léopold Senghor ya sauka daga mulki don kansa ya miƙa wa Abdou Diouf a ƙarshen wannan shekara. Zaman nasa bai kai shekara ba, saboda Carter ya faɗi zaɓe, Ronald Reagan ya hau a Janairun 1981.

Dalilin gajartar zaman yana da muhimmanci. Jakadun Amurka iri biyu ne. Akwai ma'aikatan da suka shiga hidimar diflomasiyya ta jarrabawa suka yi ta hawa matakala, su ne kusan kashi 70 cikin 100. Akwai kuma waɗanda shugaban ƙasa ke ɗaukowa daga waje, kusan kashi 30, waɗanda kan ajiye aiki idan gwamnati ta sauya. Carrington yana cikin kashi na biyu. Sai dai ba irin attajiran da ake saka wa da kujerar jakada don sun zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓe ba ne. Ya shafe sama da shekara 30 yana hulɗa da Afirka kafin Bill Clinton ya turo shi Legas. Irin wannan jakada ba ya jiran ƙarin girma daga ma'aikata, saboda haka ya fi ma'aikacin gwamnati sakin baki. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma haɗarinsa.

Abin da ƙa'ida ta ce

Jakada ba ya faɗowa daga sama. Kafin a bayyana sunansa, ƙasarsa kan aika a asirce ta nemi yardar ƙasar da za ta karɓe shi. Sashe na 4 na Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ya ba ƙasar damar ta ƙi, ba tare da ta faɗi dalili ba. A Amurka, bayan an samu wannan yarda, shugaban ƙasa ya miƙa sunan ga Majalisar Dattawa, kwamitin harkokin waje ya yi masa tambayoyi, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, a rantsar da shi. Idan ya iso, sai ya miƙa takardun kama aiki ga shugaban ƙasa. Ke nan Najeriya ta san tarihin Carrington, ta kuma ce ya zo.

Masu cewa katsalandan suna dogara da sashe na 41, wanda ya ce wajibi ne jakada ya mutunta dokokin ƙasar da yake ciki, kada kuma ya tsoma hannu a harkokinta na cikin gida. Gaskiya ne, haka yake a rubuce. Amma yarjejeniyar tana da sashe na 3, wanda ya jera ayyukan ofishin jakadanci: wakilci, kare muradun ƙasarsa da 'yan ƙasarsa, tattaunawa da gwamnati, gano halin da ƙasa ke ciki ta duk hanyar da doka ta yarda da ita tare da aika rahoto gida, da ƙarfafa zumunci.

A tsaya a kan na huɗu. Ta yaya mutum zai gano halin da ƙasa ke ciki idan ministoci kaɗai yake gani? Mu da muka gaji kalmar jakada daga tsarin sarauta mun san amsar. Idan hakimi ya tura jakadansa ƙauye, ya sauka gidan dagaci, ya ci ya sha, ya dawo ya ce lafiya lau alhali talakawa na gudu saboda haraji, wannan jakada ya ci amanar wanda ya aike shi. Dole ya zauna da liman, ya ji ta bakin sarkin noma, ya leƙa kasuwa.

Iyakar da ke tsakanin aiki da katsalandan ba ta da wuyar ganewa. Jakadan da ya ba wata jam'iyya kuɗi, ko ya kai makamai, ko ya zauna da sojoji ana kitsa juyin mulki, ko ya ce wa jama'a ga wanda za ku zaɓa, ya tsallake iyaka. Tarihin Amurka yana da misalin haka. A 1963, jakadanta a Kudancin Vietnam, Henry Cabot Lodge, ya san da shirin janar-janar na kifar da Shugaba Ngo Dinh Diem, aka kuma nuna musu Amurka ba za ta hana ba. Sun yi juyin mulki ranar 1 ga Nuwamba, washegari aka kashe Diem. Wannan shi ne katsalandan. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Carrington.

Abin da ya tarar, da abin da ya yi

Ya kama aiki a farkon Nuwamban 1993, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. An riga an soke zaɓen 12 ga Yuni tun ranar 23 ga watan. Kwanaki kaɗan da isowarsa, ranar 17 ga Nuwamba, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki. Ministan harkokin wajen da Abacha ya naɗa shi ne Babagana Kingibe, wanda watanni biyar kafin nan shi ne abokin takarar MKO Abiola. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin rikitaccen filin da ya shigo.

Daga nan abubuwa suka yi ta tsananta. An kama Abiola a Yunin 1994. A Maris na 1995 aka kama Janar Olusegun Obasanjo da Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa bisa zargin juyin mulki, aka yi musu shari'a a asirce a kotun soja. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas a Fatakwal, bayan hukuncin wata kotu ta musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Ranar 4 ga Yunin 1996 aka harbe Kudirat Abiola, matar Abiola, a kan titi a Legas.

A cikin wannan yanayi Carrington ya riƙa ganawa da lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam, da 'yan jarida, da shugabannin NADECO, ƙungiyar da ke fafutukar kawo ƙarshen mulkin soja da tabbatar da zaɓen 12 ga Yuni. Ya yi jawabai a bainar jama'a yana sukar mulkin soja. Gwamnati ta tsane shi, kuma Alhaji Wada Nas, ministan ayyuka na musamman, yana cikin waɗanda suka fi caccakarsa. A Satumban 1997, ana masa liyafar bankwana a gidan Cif Ayo Adebanjo a Surulere, jami'an tsaro ɗauke da bindigogi suka kutsa suka tarwatsa taron, jakadan yana zaune a wurin. Sashe na 29 na yarjejeniyar nan ya ɗora wa gwamnati nauyin kare mutunci da lafiyar jakada. A wannan rana, wanda ya taka ƙa'ida ba baƙon ba ne.

Akwai abu ɗaya da masu sukarsa za su iya riƙewa da ƙarfi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Obasanjo da bakinsa ya ba da labarin cewa yana Copenhagen wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris na 1995, Carrington ya aika masa cewa za a kama shi idan ya dawo, tare da tayin mafaka a Amurka. Obasanjo ya ƙi tayin, ya dawo, aka kama shi. Wani zai ce wannan tona asirin gwamnati ne ga wanda take nema. Na yarda a nan ne ya fi kusa da iyaka. Amma a dubi inda hanyar ta nufa: kotun asiri, ba lauyan da mutum ya zaɓa, ba ɗaukaka ƙara. 'Yar'aduwa ya bi wannan hanya, aka yanke masa hukuncin kisa, aka mayar da shi shekara 25, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997. Wanda ya hango mutum zai faɗa rijiya ya ce masa tsaya, ban ga yadda za a kira shi maƙiyin mai rijiya ba.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo"

Wannan ce hujjar da ta fi shiga zuciya. Ƙasarmu ce, matsalarmu ce, mu za mu gyara.

Karin maganar gaskiya ce, amma tana ɗauka cewa an bar mai ɗakin ya yi magana. A waɗannan shekaru an rufe jaridu, an ɗaure editoci, an tsare shugabannin ƙwadago na ma'aikatan man fetur bayan yajin aikin 1994. Idan maƙwabci ya ji kukan duka daga gidanka kullum, kuma an kulle bakin duk wanda ke ciki, shirunsa ba ladabi ba ne.

Bayan haka, Najeriya da hannunta ta sa wa kanta sharuɗɗa. Ta amince da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi a 1983. Tana cikin ƙasashe renon Ingila da suka fitar da sanarwar Harare a 1991 kan mulkin dimokuraɗiyya, kuma a kanta aka dakatar da ita daga ƙungiyar washegarin rataye 'yan Ogoni. Wanda ya sa hannu a takardar bashi ba zai ce mai tuna masa ya shiga harkar gidansa ba.

Mu kanmu mun yi irin wannan aiki, muna kuma alfahari da shi. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta shekara da shekaru tana cewa wariya harkarta ce ta cikin gida. Najeriya ba ta saurare ta ba. Wakilanmu ne suka daɗe suna jagorantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, cikinsu har da Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule, da Janar Joseph Garba, da Farfesa Ibrahim Gambari. Gwamnatin Abacha kanta ta tura sojoji Saliyo suka kori sojojin da suka yi juyin mulki, aka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kujerarsa a Maris na 1998. Idan tura bataliya don dawo da zaɓaɓɓen shugaba halal ne, da wuya a haramta jawabi.

"Amurka ce za ta koya mana adalci?"

A nan masu suka suna da gaskiya mai yawa. Amurka ta rungumi Mobutu a Zayar shekaru masu yawa. Tana da hannu a kifar da Mosaddegh a Iran a 1953. Kuma ba ta jure abin da take yi wa wasu: a Maris na 2025 ta kori jakadan Afirka ta Kudu, Ebrahim Rasool, saboda kalaman da ya yi kan Shugaba Donald Trump a wani taron tattaunawa ta intanet. Laifi tudu ne.

Sai dai wannan hujja tana auna wanda ya yi magana, ba ta taɓa maganar ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: an rataye mutum tara ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba ko ba a yi ba? An tsare wanda ya ci zaɓe shekara huɗu har ya mutu a tsare ko ba a yi ba? Idan maƙaryaci ya ce maka gidanka ya kama wuta, za ka fara leƙa gidan kafin ka tuna masa tarihinsa.

Na san akwai masu tuna zamanin Abacha da alheri: titunan da magungunan asusun PTF, da saukar hauhawar farashi a ƙarshen mulkin. Ba na musun abin da mutane suka gani da idonsu. Amma titi ba ya goge jini, kuma ɗaruruwan miliyoyin dalolin da Switzerland da Amurka da tsibirin Jersey suka dawo wa Najeriya da su daga baya sun nuna cewa lissafin bai cika ba.

Inda ya gaza da gaske: Arewa

Zaɓen 12 ga Yuni ba na Yarabawa ba ne. Abiola ya ci jihohi da dama a Arewa, har da Kano, jihar abokin hamayyarsa Alhaji Bashir Tofa. Waɗanda mulkin soja ya murƙushe ma ba 'yan ɓangare ɗaya ba ne. Ga 'Yar'aduwa. Ga Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi da aka tuɓe a Afrilun 1996 aka kai shi Zing aka tsare. Ga Shehu Sani da aka ɗaure a 1995. Ga Sheikh Ibrahim Zakzaky da aka tsare daga 1996. Ga ɗan jarida Bagauda Kaltho da ya ɓace a Kaduna. Ga Kanar Abubakar Dangiwa Umar da ya ajiye kakinsa saboda soke zaɓen.

Duk da haka, hoton da ya zauna a zukatan jama'a a Arewa shi ne na jakadan da ke tsakiyar dattawan ƙungiyar Yarabawa ta Afenifere, wanda suka raɗa wa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Suna ne na ƙauna, amma ga jakada nauyi ne. Da zarar ɓangare ɗaya ya ce kai nasa ne, gwamnati ta samu abin da take nema. Ba sai ta amsa zargin kisa ba, ya ishe ta ta ce wa sauran ƙasa, kun ga, taron dangi ake yi wa ɗanku. Haka kuwa aka yi, kuma maganar ta karɓu. Mai kiran nan na rediyo gadonta yake ci.

Wani ɓangare na matsalar tsari ne. An mayar da babban birnin ƙasa Abuja tun 12 ga Disamban 1991, amma babban ofishin jakadancin Amurka bai bar Legas ba sai a 2000. Ƙaramin ofishinta na Kaduna, wanda ya daɗe yana zama kunnenta a Arewa, an rufe shi a cikin shekarun 1990. Jakadan da ke kwana a Legas, jaridun Legas yake karantawa da safe, mutanen Legas ne ke iya zuwa wurinsa cikin rabin sa'a, su ne kuma ke gayyatarsa biki da jana'iza. Ba sai ya yi niyyar son kai ba, kalandarsa za ta karkata da kanta.

Ƙwararrun jakadu suna da dabarun maganin wannan. Ana riƙe lissafin waɗanda aka gana da su a wata, a duba ko wani yanki ko wani ra'ayi ya yi rinjaye. Idan za a ga ɗan adawa yau, a nemi ganin mutumin gwamnati a makon. Ganawar da ke da zafi a tura ƙaramin jami'in siyasa, jakada ya ajiye kansa don ranar da ake buƙatar nauyinsa. Jawabi mai muhimmanci a yi shi a wurin da ba a zata ba, domin kalma ɗaya kan 'yancin ɗan Adam a Zariya ko Sakkwato ta fi goma a Legas tasiri a wancan lokaci. Amurka ta buɗe Sashen Hausa na Muryar Amurka tun 1979, ke nan hanyar isa ga manomi a Gumel ko ɗan kasuwa a Funtuwa a buɗe take. Tunda har yau ana tuna shi a Arewa da ɗan NADECO, to saƙon bai isa yadda ya kamata ba, kuma isar da saƙo shi ne sana'ar jakada.

Farashi na biyu shi ne ƙofar fada. Jakadan da shugaban ƙasa ya daina yarda da shi ya rasa rabin amfaninsa, domin ranar da za a roƙi ran wani da tsakar dare, sai wanda ake ɗaga wa waya. A waɗannan shekaru Washington ta riƙa turo wasu daban don ganin Abacha: Jesse Jackson a 1994, sai Donald McHenry, sai ɗan majalisa Bill Richardson. A ganina wannan alama ce cewa hanyar jakada ta toshe.

Murya babu sanda

Gazawa ta biyu ba tasa ba ce shi kaɗai. A duba abin da Amurka ta yi a aikace. Ta dakatar da yawancin agaji da hulɗar soja bayan soke zaɓe. A Disamban 1993 ta hana biza ga masu hana komawa mulkin farar hula da iyalansu. A 1994 ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai wajen yaƙi da miyagun ƙwayoyi, abin da ya wajabta wa Amurka ƙin goyon bayan rance ga Najeriya a bankunan raya ƙasa na duniya. An kuma dakatar da jiragen sama kai tsaye tsakanin Legas da Amurka daga 1993 zuwa 1999, bisa dalilin tsaron filin jirgi. Bayan rataye 'yan Ogoni aka kira Carrington gida, aka hana sayar da kayan soja, daga baya ya dawo bakin aiki.

Abu ɗaya ba a taɓa ba, shi ne mai. A tsakiyar shekarun 1990 Amurka tana sayen ɗanyen man Najeriya wajen ganga dubu 600 a kullum, kamfanonin Mobil da Chevron suna ci gaba da haƙa. Gwamnatin da kuɗinta ke fitowa daga rijiyar mai ba ta jin zafin hana biza.

A kwatanta da Kenya. Smith Hempstone, jakadan Amurka a Nairobi daga 1989 zuwa 1993, ya yi wa Shugaba Daniel arap Moi irin surutun da Carrington ya yi wa Abacha. Bambancin shi ne Kenya ta dogara da agaji. A Nuwamban 1991 ƙasashe masu ba da agaji suka taru a Paris suka dakatar da sabon tallafi. Watan da ya biyo baya aka soke sashen tsarin mulkin da ya mayar da Kenya ƙasar jam'iyya ɗaya, aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a Disamban 1992. Hempstone bai fi Carrington baki ba, sanda ce ke bayansa.

Maganar da babu sanda a bayanta tana da haɗari ga waɗanda suka gaskata ta. Ɗan gwagwarmaya kan ga jakadan babbar ƙasa a gefensa ya zaci an tsaya masa, ya ƙara fitowa fili. Jakada yana da kariya da fasfo da jirgin komawa gida, shi kuwa babu. Watanni biyar bayan tafiyar Carrington, a Maris na 1998, Clinton da kansa ya ce a Afirka ta Kudu idan Abacha zai tsaya takara to ya tsaya a matsayin farar hula. Wannan ya nuna iyakar abin da Washington ta shirya yi tun asali.

Amma kada a ce surutun bai tsinana komai ba. Ranar 1 ga Oktoban 1995, bayan matsin lamba daga ƙasashe da dama, Abacha ya sassauta hukuncin waɗanda aka ɗaure kan zargin juyin mulki, ba a kashe ko ɗaya daga cikinsu ta hanyar hukuncin ba. A 1986 da 1990, a irin wannan zargi, an harbe mutane. Waɗanda suka fito da rai a 1998 da 1999 sun san darajar wanda ya ƙi yin shiru.

Abin da gwamnati take da shi a hannu

Gwamnatin da jakada ya ɓata wa rai ba ta rasa abin yi ba. Matakan a jere suke. Ma'aikatar harkokin waje ta kira shi ta nuna masa rashin jin daɗi baki da baki. Idan bai daina ba, a aika wa ofishinsa takardar ƙorafi a hukumance. Sai a rage masa ganin manya, a bar shi da darakta maimakon minista. Sai a nemi ƙasarsa a asirce ta janye shi. Na ƙarshe shi ne sashe na 9: a ayyana shi wanda ba a maraba da shi, a kowane lokaci, ba tare da bayyana dalili ba. Maƙwabtanmu a Nijar sun bi wannan hanya a Agustan 2023, suka ba jakadan Faransa Sylvain Itté sa'o'i 48. Faransa ta yi gardama cewa ba ta san da gwamnatin sojan ba, amma kafin ƙarshen Satumba ya bar Yamai.

Gwamnatin Abacha tana da wannan iko shekara huɗu cur, ba ta yi amfani da shi ba. Korar jakadan babbar mai sayen manka tana jawo ramuwa, kuma tana iya farkar da maganar takunkumin mai da ake ta lallaɓawa ta kwanta. Saboda haka aka zaɓi zagi a jarida da tura 'yan bindiga wurin liyafa. Da birnin New York ya raɗa wa kusurwar titin da ke gaban ofishin Najeriya sunan Kudirat Abiola, sai aka huce haushi a kan titin Eleke da ke Victoria Island, inda ofishin Amurka yake, aka sa masa sunan Louis Farrakhan.

Carrington ya bar Najeriya a Oktoban 1997 tare da matarsa Arese, likita 'yar Najeriya da ya aura yana kan aiki. Bayan dawowar mulkin farar hula, gwamnatin jihar Legas ƙarƙashin Bola Tinubu ta sake wa titin suna zuwa Walter Carrington, kuma a kansa ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Legas ya ci gaba da zama. Ya rasu ranar 11 ga Agustan 2020 yana da shekara 90.